Jami'ar da ba ta da gini: yadda masu neman ilimi suka juya biranen Turai da barazanar ƙaura

A watan Afrilun 1228, wakilan birnin Vercelli da ke arewacin Italiya suka yi tattaki zuwa Paduwa domin wani ciniki da ba a saba jin irinsa ba. Jami'a sukutum suka je tayawa, da malamanta da ɗalibanta. Suka zauna da shugabannin ɗalibai, aka ƙulla yarjejeniya ta shekara takwas. Birnin Vercelli ya ɗau alkawarin ware gidajen haya 500 masu kyau, a kuma ƙayyade kuɗin hayarsu. Zai ajiye lira 10,000 domin ɗalibin da guzurinsa ya yanke ya samu inda zai ranta. Zai biya albashin malamai 14, ya tanadi masu kwafar littattafai biyu, ya kuma tara hatsi a rumbu saboda ranar tsada. Su kuwa ɗalibai, nasu kawai su tattara komatsansu su koma Vercelli, su jawo 'yan'uwansu.

Ɗauke jami'a daga wani gari zuwa wani ba abu ne mai wuya ba a wancan zamani, domin jami'a ba ta mallaki ko ɗaki ɗaya ba. Malami a gidansa yake karantarwa, ko a ɗakin da ya kama haya. Idan za a yi babban taro sai a ari coci. Littattafai na masu su ne, kowa nasa na cikin akwatinsa. Jami'a ƙungiya ce ta mutanen da suka yi wa juna rantsuwa, irin wadda masaƙa da mahauta da maƙera suke da ita a kowane birnin Turai na lokacin, da shugabanta da dokokinta da hatiminta. Ranar da 'yan ƙungiya suka ɗora kaya a kan alfadarai suka fice ta ƙofar gari, jami'a ta tafi ke nan. Ita kanta Paduwa ta haka ta samu tata a 1222, lokacin da wasu malamai da ɗalibai suka yi fushi suka baro Bolonya. Wannan rashin gini, wanda a ido talauci ne, da shi masu karatu suka riƙa tanƙwara magadan gari da sarakuna har kusan shekara 300.

Inda ɗalibi ke cin malaminsa tara

Bolonya ce uwa. Jami'arta tana lissafa shekarunta daga 1088, kuma tun farkon ƙarni na 12 sunan garin ya kai ko'ina saboda karatun shari'a. Wani malami mai suna Irnerius ya farfaɗo da nazarin dokokin Rumawa da Sarki Justinian ya sa aka tattara a ƙarni na 6, sannan wajen 1140 Gratian ya haɗa dokokin coci a kundi guda. Duk mai burin zama alƙali ko magatakardan sarki ko babba a coci, daga Jamus yake ko Ingila ko Hungary, sai ya tsallaka duwatsun Alps ya nufi Bolonya.

Da ya iso sai ya tarar shi baƙo ne, baƙo kuwa ba shi da gata a dokar gari. Mai gida ya tsuga masa haya, mai burodi ya tauye masa awo. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan wani ɗan ƙasarsu ya ci bashi ya gudu, ana iya damƙe shi a madadinsa a ƙwace kayansa. Sarki Frederick Barbarossa ya haramta irin wannan kamu a wata doka da ya fitar a shekarun 1150, ya kuma ba ɗalibi zaɓin a yi masa shari'a gaban malaminsa ko gaban bishop. To amma sarki na nesa, mai gidan haya na kusa. Sai ɗaliban suka dunƙule bisa ƙasashensu, daga baya suka zama manyan ƙungiyoyi biyu, ta 'yan Italiya da ta waɗanda suka zo daga bayan duwatsu, kowacce da shugaban da ta zaɓa.

Masu karatun shari'a ba yara ba ne. Da yawansu gemu ya riga ya fito, 'ya'yan masu hali ne ko masu riƙe da muƙami a coci, kuma daga aljihunsu malami ke cin abinci. Da suka gama da masu gidajen haya sai suka juyo kan malamai. Dole malami ya rantse zai yi wa shugaban ɗalibai biyayya. Ana buga ƙararrawa zai fara darasi, in ya makara tara ce, in ya zarce lokaci ɗalibai su tashi su bar shi. An yanka masa littafin kashi-kashi, an sa ranar da zai kai kowane wuri, kuma ba shi da damar tsallake babi mai wuya da sunan zai dawo kansa daga baya. A farkon shekara yakan ajiye kuɗi wurin wani mai canji, daga ciki ake cire tarar da ta hau kansa. Idan zai bar gari ko na kwana ɗaya ne sai ya nemi izini. Idan darasinsa na safe bai tara mutum biyar ba, ana ɗaukarsa tamkar bai zo aiki ba. Har wani kwamitin ɗalibai ake naɗawa wanda aikinsa shi ne sa ido a kan malamai da kai ƙararsu.

Wanda ya karanta waɗannan dokoki zai ji kamar rashin kunya ce tsagwaronta. Ni a ganina lissafin kasuwa ne. Mutum ya baro garinsu, ya yi tafiyar wata biyu, yana biyan haya da kuɗin karatu, ba zai yarda shekara ta ƙare littafi bai kai ƙarshe ba. Hukumar birni ma ba ta naɗe hannu ba. Ta riƙa rantsar da malamai cewa ba za su je wani gari su koyar ba, sannan daga ƙarshen ƙarni na 13 ta fara biyan wasunsu albashi. Tun da albashi ya koma hannun hukuma, ikon ɗalibai ya fara zagwanyewa.

Titin ciyawa

A Paris al'amarin ya sha bamban, domin can malamai ne ke da ƙungiya. Makarantu sun taso ne a gindin babbar majami'ar Notre-Dame da kan tudun Sainte-Geneviève, inda Peter Abelard, wanda ya rasu a 1142, ya tara dubban matasa da kaifin harshensa a fagen manɗiƙi. Yawancin ɗaliban Paris kan iso ne suna yara 'yan shekara 14 ko 15, masu fara nahawu da balaga da manɗiƙi, kafin su taɓa hisabi da handasa da ilimin taurari da na sautin kiɗa. Dokokin da wakilin Fafaroma, Robert de Courçon, ya tabbatar a 1215 sun ce ba mai koyar da waɗannan fannoni sai ya kai shekara 21, ya kuma yi shekara shida yana sauraro. Mai koyar da ilimin addini kuwa sai ya kai 35. Mace ba ta cikin lissafi ko kaɗan.

Yaro yakan iso ya nemi malami ya sa sunansa a takardarsa, shi ke nan ya zama ɗalibi. Babu jarrabawar shiga, amma sai yana jin Latin, domin da shi ake karatu, da shi ake faɗa, da shi Bajamushe ke magana da ɗan Sikotland. Ɗakunan karatu na wani ɗan lungu ne da ake kira Rue du Fouarre, wanda ya samo sunansa daga ciyawar da ake shimfiɗawa a ƙasa ɗalibai su zauna. A 1366 har doka aka yi cewa a ƙasa za su ci gaba da zama, don kada benci ya sa musu girman kai. Darasin farko da asuba ake yinsa, cikin sanyin hunturu, a ɗakin da tagarsa ba gilashi. Malami ya karanta matani, ya tsaya ya yi sharhi, ya kawo abin da magabata suka ce, ya warware saɓani. A wasu ranaku sai a yi muƙabala: a jefa mas'ala, wani ya kare, wasu su kawo suka, malami ya yanke hukunci. Wanda ya jure shekaru yana wannan sai a ba shi ijazar koyarwa, bayan ya yi walimar da kan cinye guzurin shekara.

Littafi kuwa dukiya ce. A kan fatar tumaki da maruƙa ake rubutu, babban kundi ɗaya na iya cinye garke guda. Dabarar da aka ɓullo da ita a Bolonya da Paris ita ce, jami'a ta tantance kwafi ɗaya ingantacce, a ajiye shi wurin mai sayar da littattafai ba tare da an ɗinke shi ba. Ɗalibi ya karɓi juzu'i ɗaya haya, ya kwafa, ya mayar, ya karɓi na gaba. Ta haka mutum goma ke kwafar littafi ɗaya a lokaci guda, kuma jami'a ce ke yanke kuɗin hayar. Idan aljihu ya bushe, littafin nan shi ne jingina. A Oksfod an kafa wani akwatin rance tun 1240, inda ɗalibi ke ajiye littafinsa ya karɓi kuɗi ba ruwa, in shekara ta zagayo bai fansa ba a sayar.

Yawancin wasiƙun ɗalibai da suka tsira zuwa yau magana ɗaya suke yi: a aiko da kuɗi. Har littattafan koyon rubuta wasiƙa suna ɗauke da samfurin yadda za a roƙi uba, da samfurin amsar uban da ya ji labarin ɗansa ya fi son caca da garaya a kan karatu. Marasa gata kuwa sukan yi wa 'ya'yan masu kuɗi barantaka, ko su yi kwafi a biya su, wasu ma jami'a ce ke ba su takardar izinin bara. Duk wanda ya san rayuwar almajiran tsangaya, yaro ya bar gida ya bi malami zuwa garin da bai san kowa ba, abincinsa na hannun mutanen gari, zai gane wannan hoto. Saboda irin waɗannan ɗalibai marasa gata aka fara kafa gidajen kwana na sadaka. Na farko a Paris an kafa shi a 1180 domin ɗalibai 18, a wani ɗaki na asibitin Hôtel-Dieu, ladan zamansu shi ne su riƙa raka gawar waɗanda suka mutu a asibitin. Wajen 1257 Robert de Sorbon, limamin fadar Sarki Louis na Tara, ya kafa nasa domin talakawan masu karatun addini. Zuwa 1338 ɗakin karatunsa na da littattafai 1,722, waɗanda aka fi nema an ɗaure su da sarƙa a jikin tebur.

Wani babban kaso na abin da ke cikin waɗannan littattafai ta hannun Musulmi ya iso. Bayan Kiristoci sun karɓe Toledo a 1085, garin ya zama matattarar masu fassara daga Larabci. Gerard na Cremona kaɗai, wanda ya rasu a 1187, ya juya littattafai fiye da 70 zuwa Latin, ciki har da Ƙanun na Ibn Sina, wanda makarantun likitanci na Turai suka riƙa karantarwa har ƙarni na 17. Sharhin Ibn Rushd a kan Aristotal ya shigo a shekarun 1220 zuwa 1230, ya samu karɓuwar da idan malamin Paris ya ce "Mai Sharhi" kowa ya san wa yake nufi. Hukumomin coci sun tsorata. A 1210 da 1215 aka hana koyar da littattafan Aristotal na ilimin halitta a Paris. Hanin bai yi ƙarko ba, domin zuwa 1255 littattafan sun zama wajibi a manhaja, ko da yake a 1277 bishop na Paris, Étienne Tempier, ya sake yunƙurawa ya la'anci ra'ayoyi 219.

Rigimar mashaya

Akwai wani abu da ya hana gari da ɗalibai zaman lafiya, wanda ya fi hayaniyar dare da tsokanar 'yan mata. A arewacin Turai doka tana ɗaukar kowane ɗalibi a matsayin ɗan coci. Ana aske masa tsakiyar kai, yana sa doguwar riga, ko da kuwa bai taɓa niyyar zama limami ba. Ma'anar wannan ita ce kotun gari ba ta da hurumi a kansa sai kotun bishop, ita kuwa kotun coci ba ta zubar da jini. Ɗan gari ya yi kisa a rataye shi, ɗalibi ya yi kisa a sa shi azumi da tuba, ko a tsare shi. A haɗa wannan da dubban samari marasa iyaye a kusa, kowa da wuƙa a ƙugu, a birnin da giyar inabi ke da araha.

A 1200 aka ci zarafin baran wani ɗalibi Bajamushe a wata mashaya ta Paris. Jamusawa suka je suka lakaɗa wa mai mashayar duka. Shugaban 'yan dokar birnin ya jagoranci mutanen gari suka afka wa masaukinsu, aka kashe mutum biyar. Malamai suka yi barazanar barin gari. Sarki Philip Augustus ya jefa nasa jami'in a kurkuku, ya kuma ba masu karatu takardar kariya, wadda ta wajabta wa duk wanda ya hau wannan kujera ya rantse zai mutunta 'yancinsu.

Ta 1229 ta fi girma. A ranakun shagalin da ake yi kafin azumin Kiristoci, wasu ɗalibai suka fita unguwar Saint-Marcel a bayan ganuwa, suka sha, gardama ta kaure a kan kuɗin da za su biya. Maƙwabta suka fito suka kore su da duka. Washegari suka dawo da gayya da sanduna, suka farfasa mashayar, suka buɗe gangunan giya ta malale a titi. Sarauniya Blanche ta Castile, mai riƙon sarauta saboda ƙuruciyar ɗanta Louis, ta ba dakaru umarni. Su kuwa suka far wa ɗaliban da suka tarar, aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Malamai suka dakatar da karatu, suka ce in ba a bi musu kadi ba za su bar Paris na shekara shida. Ba a bi ba, suka watse zuwa Angers da Orléans da Reims. Sarki Henry na Uku na Ingila ya aiko da wasiƙar gayyata, ya ce su zaɓi garin da suke so. Sabuwar jami'ar Toulouse ta baza tallar cewa a can abinci na da araha, kuma ana karanta littattafan Aristotal da aka hana a Paris.

Shekara biyu masu gidajen haya da masu burodi da masu sayar da fata suna ƙirga asara. A ranar 13 ga Afrilun 1231 Fafaroma Gregory na Tara ya fitar da takardar da ta dawo da jami'ar. Ta ba malamai ikon tsara dokokinsu, ta hana kama ɗalibi saboda bashi, ta kuma halatta musu yajin aiki a fili: idan aka kashe ko aka raunata ɗayansu kuma kwana 15 suka wuce ba a yi adalci ba, suna iya rufe karatu.

Ya kamata a tuna cewa kusan duk labaran nan masu alƙalami ne suka rubuta su, wato ɓangare ɗaya na rigimar. Mai mashayar da aka fasa wa ganguna bai bar mana tarihi ba. In aka duba da idon mahauci ko masaƙin da aka haifa a garin, abin da zai gani shi ne baƙi da ba sa biyan harajin gari, ba sa gadin ganuwa, su ke yanke kuɗin hayar gidansa, kuma kullum aka je gaban sarki su ke da gaskiya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Oksfod. A 1209 wani ɗalibi ya kashe wata mata ya gudu, mutanen gari suka rataye abokan zamansa. Masu karatu suka fice, wasunsu suka yada zango a Kambirij, asalin jami'ar can ke nan. Da aka yi sulhu a 1214, gari ne ya biya: an zabge rabin kuɗin haya na shekara goma, an ɗora masa sule 52 duk shekara domin talakawan ɗalibai, da ciyar da 100 daga cikinsu rana ɗaya a shekara. Tun daga nan kowace rigima sai ta ƙara wa shugaban jami'a iko ta rage na magajin gari.

Ranar 10 ga Fabrairun 1355 tura ta kai bango. Wasu ɗalibai a mashayar Swindlestock da ke tsakiyar gari suka kushe giyar da aka kawo musu, suka jefi mai mashayar da tulun. Aka kaɗa ƙararrawar cocin St Martin, mutanen gari suka fito da kwari da baka. Aka kaɗa ta cocin St Mary, ɗalibai suka fito da nasu. Kashegari mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari ɗauke da baƙar tuta, aka shiga fasa gidajen kwanan ɗalibai ana cinna musu wuta. Kwana uku ana abu ɗaya. An ƙiyasta ɗalibai 63 ne suka mutu, da 'yan gari kusan 30. Sarki Edward na Uku ya ci garin tarar fam 250, sannan ya miƙa wa jami'a ikon kula da farashin burodi da giya, da ma'auni da sikelin kasuwa, da tsabtar tituna. Bishop ya ƙara da nasa sharaɗi: duk shekara a wannan rana, magajin gari da manyan gari su je cocin jami'a a yi addu'a ga mamatan, su ajiye kwabo ɗaya a kan kowane ɗalibi da aka kashe. Sun yi ta yin haka har 1825.

Sai dai a lokacin da Oksfod ke cin wannan nasara, makamin ƙaura da ya kawo ta ya fara dakushewa. Gidajen sadakar nan sun zama kwalejoji masu ginin dutse da gonaki da ɗakunan karatu. Merton, wadda aka kafa a 1264, tana da filayen da take karɓar haya a kansu, ba ta yadda za a ɗora su a bayan alfadari. Sababbin jami'o'i kuma sarakuna ne ke kafa su da kuɗinsu domin samar wa kansu alƙalai da magatakarda: Naples tun 1224, Prague a 1348, Vienna a 1365, Heidelberg a 1386. Da jami'o'i suka yawaita, ɗalibi ya daina tsallaka ƙasashe, ya koma karatu kusa da gida a ƙarƙashin sarkinsu. An ƙara yin babbar ƙaura ɗaya a 1409, lokacin da Sarki Wenceslas ya sauya tsarin ƙuri'a a Prague ya fifita 'yan ƙasa, malamai da ɗaliban Jamus suka fice suka kafa jami'ar Leipzig. A Paris kuwa, Sarki Charles na Bakwai ya sa jami'a ƙarƙashin babbar kotun masarauta a 1446. Da malamai suka sake gwada rufe karatu a 1499, Louis na Goma Sha Biyu ya nuna musu zai ɗauki abin a matsayin tawaye, suka koma aji, daga nan kuma aka soke musu 'yancin yajin aikin.